Tun da Fada ne zai yanke magana, me ya sa za mu zauna?

TAMBAYA: Fada, barka da aiki. Ni ce sakatariyar majalisar ikilisiyarmu, shekara huɗu ke nan. Wata dattijuwa da ta rasu ta bar wa ikilisiya kuɗi a wasiyyarta, ba ta kuwa faɗi abin da za a yi da su ba. Mu 12 ne a majalisa, mun rabu gida biyu. Wasu na son a faɗaɗa ginin coci domin ranar Lahadi mutane na tsayuwa a waje, wasu kuma na son a horar da katikis, wato masu koyar da addini, da masu ziyarar marasa lafiya. Sau uku muna zama, kullum rai a ɓace muke tashi. Yanzu Fadanmu ya ce a bar batun ƙuri'a, mu zauna mu nemi nufin Allah tare. Abin da ke damuna shi ne, tun da shi zai yanke magana a ƙarshe, ba ɓata lokaci za mu yi ba? Kuma ta yaya mutum 12 za su gane abin da Allah yake so?

AMSA: 'Yar'uwata, na gode da ba ki ɓoye abin da ke ranki ba. Bari in fara da inda kike da gaskiya. A dokar Ikilisiyar Katolika ta 1983, sashe na 536 ya ce majalisar kiwo ta ikilisiya, wato irin taku, shawara take bayarwa, limamin ikilisiya kuma, wato Fada, shi ke shugabantarta. Ko ku 12 kun haɗa baki, ba ku ɗaure masa hannu ba. Sai dai dokar nan ɗin, a sashe na 127, ta ce shugaban da aka wajabta masa neman shawara kada ya saɓa wa masu ba shi ita, musamman in bakinsu ya zo ɗaya, sai da dalilin da ya ga ya rinjayi nasu. Sashe na 212 kuma ya ba masu bi 'yancin gaya wa makiyayansu abin da suke gani zai amfani Ikilisiya, har ya ce wani lokaci faɗin wajibi ne a kansu. Maganarki tana da nauyi ke nan, ko da sa hannun ƙarshe na wani ne.

Ko zaman zai zama ɓata lokaci, wannan ya rataya ne ga abu guda: shin kowa, har da Fada, zai shigo a shirye ya saki ra'ayinsa? Na koyi wannan da kunya. A shekaruna na farko a wata ikilisiya na ƙudura soke Misar asubahi ta ranar Lahadi, saboda masu zuwa ba su kai talatin ba, ni kuma Misa uku ke jirana a gaba. Na kira majalisa na ce mu yi addu'a a kai, alhali sanarwar sokewar tana aljihuna, na riga na rubuta. Da aka bi layi, wani saurayi wanda tun zuwana ban taɓa jin muryarsa a taro ba ya ce yawancin mutanen nan daga aikin dare suke fitowa, masu gadi ne da ma'aikatan jinya, in an soke sun rasa Misa ke nan. Wata takwas ina tsayuwa gabansu kowane mako, ban taɓa tambayar daga ina suke ba. Takardar nan ba ta fito daga aljihu ba. Na roƙi majalisa gafara, domin na tara su da sunan addu'a kan abin da na gama yankewa.

Saboda haka kafin ranar zama ki sami Fadanku ke kaɗai, cikin ladabi, ki tambaye shi: Fada, maganar nan a buɗe take har yanzu, ko ka riga ka tsai da shawara? In ya tsayar, gara ya faɗa ya kawo dalilansa, ku taya shi aiwatarwa. In a buɗe take, to akwai aiki a gabanku.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ta fi burge ni. Hanyar nan tsohuwa ce. A Ayyukan Manzanni sura 15, gardama ta yi zafi a Urushalima kan ko sai an yi wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kaciya kafin su sami ceto. Bitrus ya yi magana, taron ya yi tsit ya saurari Barnaba da Bulus suna ba da labarin abin da Allah ya yi ta hannunsu, sannan Yakubu ya kawo Nassi ya tattara maganar. A aya ta 28 wasiƙarsu ta ce Ruhu Mai Tsarki ya ga ya kyautu, su ma sun gani. Ki lura, shirun ya zo ne kafin matsayar.

Misalin da na fi so in ba majalisa shi ne na Waliyi Ignatius na Loyola da abokansa a Roma a 1539. Mutane ne daga ƙasashe dabam-dabam, suka cije kan tambaya ɗaya: shin za su ɗauki wa'adin biyayya ga ɗaya daga cikinsu? Kwanaki suka shuɗe ba mafita. Sai suka sake salo. Kowa ya koma ga addu'a, aka hana su tattauna batun da juna a bayan fage don kada wani ya ja wani, aka kuma ce kowa ya dubi lamarin kamar baƙon da ba shi da riba ko hasara a ciki. Da suka dawo, rana guda kowa ya kawo dalilan ƙin biyayyar, har da masu sonta. A wata ranar kowa ya kawo dalilan yarda, har da masu ƙinta. A ƙarshe bakinsu ya zo ɗaya, a 1540 kuma Paparoma Bulus na Uku ya amince da ƙungiyarsu ta Jesuit.

Wannan dabarar za ta yi muku magani, domin ku yanzu kowa ya san ɓangarensa, yana shigowa da amsa a baki. Ku sa mai son gini ya faɗi da bakinsa abin da za a rasa in aka zuba kuɗin duka a bulo. Mai son horo shi ma ya faɗi halin uwa mai goyo da ke tsaye a rana har a gama Misa. Wanda ya furta hujjar abokin gardamarsa da harshensa, da wuya ya ci gaba da ganinsa a matsayin maƙiyi.

Tsarin zaman kansa ba shi da wuya. Shi aka bi a Sinod, wato babban taron shawara na Ikilisiya, da Paparoma Francis ya buɗe a watan Oktoba na 2021, wanda wakilai suka zauna a Roma a 2023 da 2024, bishop-bishop da sistoci da sauran masu bi a teburi ɗaya. Ana kiransa hira cikin Ruhu. Mako guda kafin zama ki rarraba wa kowa tambayar a rubuce, tare da ƙiyasin kuɗin kowane aiki da ayar da za a yi bimbini a kai. Zagaye na farko, kowa ya sami kamar minti uku ya faɗi abin da ya samu cikin addu'a, ba mai katse shi, ba mai mayar masa da martani. Sai a yi shiru. Zagaye na biyu, ba wanda zai maimaita nasa, kowa zai faɗi abin da ya taɓa zuciyarsa ko ya dame shi a maganar wasu. A sake yin shiru. A na uku ne ake buɗe magana, a tattara inda aka haɗu da inda har yanzu aka rabu. Shawarata, Fada ya zama na ƙarshe a kowane zagaye, domin da zarar ya buɗe baki rabin ɗakin zai bi bayansa. Ku fara kuma da mafi ƙanƙanta a cikinku. Waliyi Benedict ya umarci shugaban sufaye ya kira kowa wajen shawara, yana cewa sau da yawa Ubangiji ga ƙarami yake bayyana abin da ya fi kyau.

Shirun nan zai yi muku nauyi da farko. Ku daure, ko minti biyu ne.

To yaya za ku gane kun kama hanya? Ba na so in yi miki alkawarin wata murya daga sama. Alamar da Ignatius ya koyar ita ce a dubi inda shawara take kai zuciya: wajen ƙarin bangaskiya da bege da ƙauna, ko wajen ruɗani da ɗaci. Galatiyawa 5:22 ta lissafta irin 'ya'yan da Ruhu yake bayarwa, salama da haƙuri da kirki suna ciki. Amma a kula, gajiya takan yi kama da salama. In mutane sun amince don dare ya yi ne, ko don kada ran Fada ya ɓaci, ba a kai ko'ina ba tukuna. Ignatius ya kuma gargaɗi mutum kada ya sauya shawara a lokacin da ruhunsa yake cikin duhu. Ku da kuka tashi sau uku rai a ɓace, ina ganin zamanku na farko ya kamata ya zama na sulhu, a ajiye maganar kuɗi gefe.

Idan kun gama zagaye uku ba ku daidaita ba, ku ɗaga zuwa wani mako. Mai yiwuwa ma wata hanya ta uku ta ɓullo wadda ba wanda ya shigo da ita, kamar ƙara Misa ɗaya don rage cunkoso. Kada ku manta da majalisar kuɗi, wadda sashe na 537 ya wajabta wa kowace ikilisiya, sannan wasiyya da babban gini sai an sanar da Bishop an nemi izininsa.

Ke kuma da alƙalami yake hannunki, ki rubuta har da ra'ayin waɗanda ba a bi nasu ba, da dalilan da Fada ya bayar ranar da ya yanke. Ki sa ranar da za ku dawo bayan wata shida ku duba abin da shawarar ta haifar, ki karanta musu rubutun nan a farkon zaman.