Amsa: Yadi na tattarewa in na yi surfanin ganye

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce yadin yana tattarewa, ganyen kuma yana fitowa a karkace. Jan zaren da kike yi da ƙarfi ne ya yi yawa, kuma ina kyautata zaton ba kya sa firam, wato zoben da ake ɗaure yadi a ciki. Ki ɗaure yadin a firam ya miƙe kamar fatar kalangu, kuma ki daina fizgar allura.

Zaren surfani na Anchor sili 6 yake zuwa. Ki ware 2 kawai, kada ki zura shi duka.

Shi ganye, ki zana jijiyar tsakiya da fensir tukuna. Ki fara daga tsini, ki fito da allura a gefe ki soka a kan jijiyar, dama sannan hagu, kowane ɗinki ya ɗan hau kan na baya. In kuma za ki yi fure, ɗinkin sarƙa ya ishe ki: madauki 5, ƙulli a tsakiya.

In kin shiga Kasuwar Wuse, ki nemi farin yadin auduga, ki bar mai santsi sai hannunki ya faɗa. Zare mai launin ja kuwa ki jiƙa shi ki goga a farin ƙyalle kafin ki fara, wani yana zuba.