Amsa ga Kawuna na Gusau a Kan Rubuta Rancen Attajirai

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni abin da ya sa mu Hausawan da muka zauna a Chicago ba ma karɓar rancen mai hali don aikin jama'a sai an rubuta an kafa shaidu, har ka ce a kasuwar Gusau wanda ya miƙa wa Alhaji takarda a kan irin wannan taimako ya ci mutuncinsa. Gaskiya ne haka muke yi. Idan aka yi rasuwa kuma kuɗin makabarta ya fi abin da ke cikin asusu, ko kuɗin hayar masallaci ya zo kafin karo-karo ya kammala, ɗaya daga cikin 'yan kasuwanmu ne yake fitar da kuɗin a ranar, sai ma'aji ya buɗe littafi a gaban liman, ya rubuta adadi da watan biya, ba tare da an ɗora ruwa ko na sisi ba. Wanda ya yi niyyar sadaka yakan faɗa tun farko, a rubuta ta a matsayin sadaka.

Tushenmu shi ne ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ka fi ni saninta, amma tarihin ƙasar nan ya ƙara nuna mana hikimarta. Lokacin da Amurkawa suka ɗaura yaƙin neman 'yanci da Ingila a 1775, majalisar da ke jagorantarsu ba ta da ikon ɗora wa kowa haraji, don haka ta yi ta buga takardun kuɗi har darajarsu ta faɗi warwas, manomi ya gwammace ya riƙe hatsinsa da ya sayar wa soja. A 1781 aka danƙa sha'anin kuɗi a hannun Robert Morris, wani babban ɗan kasuwa na Philadelphia. Da ya ga jama'a sun daina yarda da alkawarin gwamnati, sai ya riƙa fitar da takardun biya da sunansa, ya jingina su da dukiyarsa da mutuncinsa, kuma mutane suka karɓa, domin sun san shi da cika alkawari. Da irin wannan amana aka samu kayan abinci da guzurin rundunar George Washington, jagoran sojojin Amurka, a shekarar da ta yi nasara kan sojojin Ingila a Yorktown. Morris ne kuma ya tsaya aka kafa bankin farko na ƙasar, wanda ya buɗe a farkon 1782, shekarar da John Adams, wakilin Amurka a Holland, ya samo rancen gilda (kuɗin Holland na lokacin) miliyan 5 daga masu bankunan Amsterdam.

Akwai kuma Haym Salomon, Bayahude ɗan asalin Poland, dillali ne da yake sayar da takardun kuɗin da Faransa ke turowa ya mayar da su tsabar da za a kashe. A tsakiyar Chicago akwai mutum-mutumin Washington yana tsaye tsakanin Morris da Salomon, riƙe da hannun kowannensu, kuma duk ɗan kasuwar da ya gani zai fahimci abin da ake nufi.

Ba na wanke su, Kawu. Kamfanin Morris ya yi cinikin bayi, kuma ɗaurin da aka yi masa a gidan yarin masu bashi daga 1798 zuwa 1801 cinikin filaye ne ya jawo masa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Salomon, wanda ya rasu a 1785 da bashi a kansa, magadansa suka shafe shekaru suna kai kuka majalisa cewa gwamnati na riƙe da kuɗinsa, aka yi ta jayayya a kan hujja, ba a biya su ba.

Mu a nan masu halinmu ba su da yawa, galibi masu shaguna ne da masu motocin haya, kuma jarinsu shi ne abincin iyalinsu da na 'yan'uwan da suke aika wa a Zamfara. Idan muka bar ɗaya ya karye saboda kunyar tambayar haƙƙinsa, ranar da wata gawa ta kwanta a asibiti ba mu da wanda za mu buga wa waya. Shi ya sa ranar biya ma a gaban jama'a ake yi, bayan sallar Juma'a, ma'aji ya soke layin a littafi, mai kuɗin ya sa hannu a gefe.