Amsa ga almajirina game da faifan da ke ɓacewa a sabar ajiya

Yarona, na ga saƙonka, kuma na fahimci damuwarka. Ka ce mai ɗaukar hotunan biki da muka haɗa wa sabar ajiya, wato kwamfutar da ke adana fayilolinsa, a gidansa, mai faifai huɗu masu tarabait 4 kowanne, ya sayo sababbin faifai biyu masu tarabait 8 domin a ƙara masa wuri, kuma da ka ɗaura su, ɗaya ya zauna lafiya, ɗayan kuwa yakan bayyana na ɗan lokaci sannan ya ɓace, wani lokaci har da ƙaramar ƙara kamar ana ƙyasta ashana. Tambayarka ita ce ko ka mayar wa mai shago da faifan tun garanti bai ƙare ba. Amsata ita ce kada ka mayar tukuna, domin har yanzu ba ka tabbatar cewa laifin na faifan ba ne, kuma idan aka ba ka wani ka ɗaura shi a kan waya ɗaya da soket ɗaya, yana iya maimaita maka abin da na farkon ya yi.

Ka kyauta da ba ka haɗa sababbin da tsohuwar ajiyar ba. Faifai huɗun nan muna tafiyar da su ne da ZFS, manhajar da ke haɗa faifai su zama ajiya ɗaya, a tsarin RAIDZ1, wato tsarin da ke jure mutuwar faifai ɗaya kacal. A irin wannan ajiya, idan ka ƙara sabon rukuni na faifai, ba za ka iya cire shi daga baya ba, kuma idan rukunin ya mutu gaba ɗaya, ajiyar duka ce ta tafi, har da hotunan da ke kan tsofaffin faifan. Saboda haka kafin ka sake taɓa ko da sukuru ɗaya, ka kwafe aikin mutumin nan zuwa wani faifai na waje, ka cire shi ka ajiye a gefe. Hoton ɗaurin aure ba ya sake ɗaukuwa, kuma ba za mu iya kallon idon mai shi ba idan ya salwanta a hannunmu.

Bayan haka ka rubuta lambar siriyal ta kowane faifai a takarda, ka manna a jikinsa. Sunayen da kwamfuta ke ba su, irin su sda da sdb, suna iya sauyawa duk lokacin da aka kashe aka kunna, musamman idan akwai wanda ke zuwa yana tafiya, kuma na taɓa ganin ma'aikaci ya zare lafiyayyen faifai ya bar mai ciwon saboda ya dogara da waɗannan sunaye.

Abin da na fi zargi shi ne wuta. A saƙonka ka ambata cewa bakunan wuta sun ƙare maka, ka sa waya mai rassa ka raba baki ɗaya zuwa uku. Babban faifai mai inci 3.5 yana shan volt 12 domin injin da ke juya farantansa, da volt 5 domin allon da ke ƙarƙashinsa, kuma a daƙiƙun farko na tashi yakan ja kusan amfiya 2 a layin volt 12, fiye da abin da yake ja bayan ya daidaita. Idan faifai shida suka tashi tare, ka ga ana maganar kusan amfiya 12 ke nan a lokaci guda. Akwatin da ke ba kwamfutar wuta yana iya ɗaukar wannan a takarda, amma siririyar wayar rassa ta kasuwa ba lallai ta ɗauka ba, sai ƙarfin wutar ya faɗi a bakin ƙarshe, faifan ya fara juyawa, ya gaza, ya ƙyasta, ya sake gwadawa. Wannan ƙarar da ka ji ta fi kama da haka. Ka cire wayar rassan, ka ba faifan baki nasa kai tsaye daga akwatin wuta, ko da za ka zare na'urar DVD ko wata fanka ta ado na ɗan lokaci.

Akwai wata matsalar wuta da ya kamata ka sani ko da ba ita ce taka ba. Bakin wutar SATA, wato nau'in mahaɗin da faifan ke amfani da shi, yana da fil 15, kuma a wasu sababbin faifai, musamman waɗanda aka ciro daga akwatin faifan waje, fil na 3 ya zama makunnin kashewa, ta yadda idan tsohon akwatin wuta ya tura masa volt 3.3, faifan ba zai tashi ba sam. Maganinta shi ne a rufe fil ɗin da salatif mai jure zafi irin Kapton. Amma faifan da wannan ta kama shiru yake yi gaba ɗaya, naka kuwa yana tashi wani lokaci, don haka ka ajiye wannan a ranka domin wani aikin.

Idan gyara wuta bai kawar da matsalar ba, sai ka koma kan wayar bayanai mai fil 7 da soket ɗinta, kuma a nan ne nake so ka yi haƙuri ka riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji. Ka musanya wayar faifan da ke ɓacewa da ta ɗan uwansa mai lafiya, ka kunna, ka duba. Idan ciwon ya koma kan ɗan uwan, wayar ce. Idan bai koma ba, ka musanya soket a babban allon kwamfutar, ka sake dubawa. Idan ka sauya waya da soket da wuta a lokaci guda kuma abin ya gyaru, ba za ka san abin da ya gyara shi ba, kuma za ka mayar da ruɓaɓɓiyar wayar cikin jaka ta cuci wani aikin. Ka kuma buɗe littafin babban allon, domin a alluna da yawa ramin M.2, inda ake sa ƙaramin faifan SSD, yana raba hanya da wasu soket na SATA, idan an cika ramin sai su daina aiki.

Shi kansa faifan yana riƙe da tarihin lafiyarsa a tsarin da ake kira SMART, kuma umarnin smartctl -a zai fito maka da shi. Layukan suna da yawa, amma biyar nake dubawa. Lamba 199 tana ƙirga kurakuran da suka faru a hanya tsakanin faifai da allo, saboda haka idan tana hawa, waya ko soket ake tuhuma. Ka lura cewa ba ta komawa sifili ko bayan an gyara, don haka ka rubuta adadin yau ka kwatanta da na gobe. Lamba 5 tana ƙirga guraben da suka lalace har faifan ya maye su da na ajiya, 197 tana ƙirga waɗanda ya kasa karantawa yake jiran hukunci a kansu, 198 kuma waɗanda suka gagari gyara. A sabon faifai waɗannan ukun sifili ya kamata su nuna, kuma ni ba na karɓar ko da ɗaya. Lamba 9 ita ce awannin da ya yi yana aiki, wadda wani lokaci takan tona asirin tsohon faifai da aka sake naɗewa a leda aka sayar a matsayin sabo. Kalmar PASSED da ke saman rahoton kada ta ruɗe ka, domin faifai na iya nuna ta alhali yana tara gurabe marasa kyau.

Ka kuma bincika lambar samfurinsa a shafin kamfanin da ya ƙera shi ka ga ko CMR ne, wanda layukan rubutunsa ba sa hawa kan juna, ko SMR. A faifan SMR layukan rubutu suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, kuma idan aka matsa masa da dogon rubutu yakan yi nauyi har saba ta ɗauka ya mutu ta fitar da shi. A shekarar 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano cewa wasu faifan WD Red na kamfanin Western Digital masu tarabait 2 zuwa 6 na wannan nau'in ne, abin da ya sa kamfanin ya ware masu CMR da sunan Red Plus. Idan na mutumin nan SMR ne, ko da lafiyarsa ƙalau, ba zan sa shi a ZFS ba.

Idan duk wannan ya fita da kyau, ka yi wa sababbin biyun dogon gwaji da smartctl -t long, wanda a tarabait 8 yakan ci fiye da rabin yini, sannan ka bi su da gwajin rubutu na badblocks, umarnin da ke neman gurabe marasa kyau, tare da -b 4096, wanda ke shafe duk abin da ke kai kuma yakan ɗauki kwanaki. A nan ne takardar siriyal za ta yi maka rana, domin kuskuren harafi ɗaya zai shafe faifan da ke ɗauke da hotuna. Ka ɗora sabar a kan UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, saboda ɗaukewar wuta, ka busa ƙurar hunturu daga fankokin, ka riƙa leƙa lamba 194, domin na fi son zafin faifai ya tsaya ƙasa da digiri 45 yayin gwajin. Idan 5 ko 197 ko 198 ta motsa, ko ciwon ya bi faifan duk inda ka kai shi, ka buga rahoton SMART a takarda ka haɗa da rasit ka kai wa mai shago. Ka turo mini adadin 199 na yau da daddare, da hoton wayar rassan da ka sa.