Zazzaɓin da ya ƙi jin magani: amsoshin wannan makon

Salam 'yan uwa. Tambayoyi sun taru, na ɗauko uku da suka yi kama da juna, duka sun shafi cututtukan fumfuna.

Wata baiwar Allah daga Gadarif a Sudan tace mijinta na ɗauke da cutar ƙanjamau, ya bar shan maganinsa tun da yaƙi ya raba su da inda suke karɓa, yanzu wata biyu kenan yana zazzaɓi, ya rame, an masa allurar maleriya har sau uku ba sauƙi, gwajin kala-azar, cutar da cizon wani ɗan ƙaramin ƙwaro ke jawowa, kuma bai nuna komai ba, sai likita yace za a ɗebi ɓargonsa, ita kuma ta tsorata.

Toh 'yar uwa, ki bari a ɗeba. A Gadarif kowa in yaga zazzaɓi da kumburin saifa kala-azar yake fara tunani, kuma da gaskiyarsa, amma akwai wata cuta ta dangin fumfuna da ake kira histoplasmosis, ƙwayarta na zama a ƙasar da kashin jemagu ko na tsuntsaye ya taru, tsohon rumbu, kango, akurkin kaji, mutum ya shaƙa da ƙura ba tare da ya sani ba. Mai lafiya jikinsa kan murƙushe ta. Wanda garkuwarsa ta faɗi, musamman in CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwa da ake aunawa a jini, ya sauka ƙasa da 150, sai ta bar huhu ta bi jini ta shiga hanta da saifa da ɓargo, shi kuwa ɓargo nan ne ake ƙera jini, shiyasa zaki ga idonsa yayi fari fat, dasashi na zubar jini, kowane ciwo na kama shi. Ɗibar ba tiyata bace, ta ƙashin ƙugu ta baya ake yi, a kashe wurin da allura, a zuƙo ɗan kaɗan a duba, kuma da wannan ɗibar za a iya ganin kala-azar ɗin ko tibi, wato tarin fuka, in sune suka ɓuya, don gwajin jini na kala-azar yakan kuskure a masu ƙanjamau. In fumfunar ce, ana farawa da amphotericin B ta ƙarin ruwa sati 1 zuwa 2, sannan itraconazole na aƙalla wata 12. Eh, shekara guda cur. In yana shan rifampicin na tibi ki faɗa ma likita, yana rage ƙarfin itraconazole sosai. Kuma dan Allah a nemi hanyar komawa kan maganin ƙanjamau, likitan ne zai faɗi ranar farawa.

Wani manomi daga Mai Wurno yace ƙaya ta soke shi a gona shekara uku da suka wuce, wurin ya kumbura ba zafi, yanzu yana fitar da ruwa da wasu baƙaƙen tsaba kamar habbatus sauda, ko shima ɓargonsa zai taɓu?

Malam, wannan kwatancen na nabit ne, mycetoma a bakin likitoci, kuma Sudan na cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya, jihohin Sinnar da Jazira da Farin Nilu musamman, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin cututtukan da aka yi watsi dasu a 2016. Shi baya jiran garkuwa ta faɗi, lafiyayyen manomi yake kamawa, kuma ba kasafai yake bin jini ba, ci yake a hankali daga fata zuwa nama zuwa ƙashi. Rashin zafin nan shine yake yaudarar mutane, na sha ganin wanda ya zo bayan anyi ta tsaga da ƙuna a gida, ƙafar ta riga ta lalace sai yankewa. Kaje ayi hoto a ɗebi tsabar a duba, baƙar tsaba galibi fumfuna ce, maganinta itraconazole na watanni sannan tiyata. Ka kuma riƙa sa takalmi rufaffe in zaka gona.

Wata ƙanwata daga Kassala tace tana shan ƙwayar ƙiba, yanzu harshenta yayi fari kamar an shafa nono.

Ƙanwata, yawancin ƙwayoyin nan dexamethasone ne ko danginsa, suna danne garkuwar jiki suna tada suga, farin harshen nan kandida ce, wata fumfuna, ita kanta tana jin magani da sauri. Amma kar ki yanke ƙwayar lokaci ɗaya in kin daɗe kina sha, jininki zai iya sauka ki sume, kije a rage miki a hankali, a gwada suga da ƙanjamau. In haɗiya ta fara miki zafi ko zazzaɓi ya shigo, ranar ki tafi asibiti kar ki kwana.