Amsa ga mai son S4 Avant ta zama motar zuwa aiki a Yamai

Salamu alaikum ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka ga Audi S4 Avant, wato doguwar S4 mai wurin kaya a baya, ƙirar 2011 a wurin masu saida motoci, ta ci kilomita 170,000, kana so ka saida Corollarka ka cika kuɗi ka ɗauke ta, ita za ka riƙa shiga kullum daga Niamey 2000 zuwa aiki a Plateau. Na ga wasu sun ce maka shan mai ne matsalarta. Ni da na riƙe irin wannan mota shekara uku ina gaya maka mai shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Tawa ba S4 ba ce, wata doguwa ce ta Jamus, ƙirar 2008, silinda 6 da turbo 2, na sauko da ita ta Kwatano a 2021. A cikin gari, da kilim a kunne, tana sha mini lita 15 zuwa 16 a kilomita 100. Ɗauka kana yin kilomita 30 a yini, lita 5 ke nan. Da aka rage farashi a Yulin 2024, lita ta dawo sefa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, ka ga jika 2 da rabi a yini. Mai albashin da ya iya tunanin S4 ba wannan zai kayar da shi ba.

Abin da zai kayar da kai yana ƙarƙashin mota. Waɗannan motocin an yi su ne don hanyoyin Turai masu santsi, an kwantar da su ƙasa da gangan don su riƙe hanya a guje. S4 ta fi A4 ta gida kwanciya, tayoyinta kuma masu siririn gefe ne a kan ƙafa mai inci 18. Duk tudun rage gudu na Yamai sai da na haddace shi, ina hawansa a karkace kamar kaguwa, masu kabu-kabu na yi mini oda a baya. Wannan da rani ke nan. Da damina kuwa, wata safiyar Agusta ruwa ya kwanta a layinmu na Harobanda, layin da nake bi kullum na san shi kamar tafin hannuna. Ashe ruwan dare ya kwashe yashi ya bar wani dutse a tsaye. Na ji "ƙwas" a ƙasa, ban yi mita 50 ba jar fitilar mai ta kama. Da na fito na waiwaya, ga baƙin mai ya ja layi a kan ruwa yana ƙyalli, kwanon ƙarƙashin inji ya fashe. Allah ya sa na kashe ta nan take, da inji ya tafi. Yaran unguwa ne suka tura ni gefe, wani tsoho da ke zaune bakin masallaci ya ce, "Alhaji, wannan ai ta kwalta ce." Ina tsaye a wurin, tsohuwar Starlet ta taksi ta ratsa ruwan nan ta wuce ko a jikinta. Kai da ka ce Niamey 2000, ka fi ni sanin yadda layukan da ba kwalta suke zama in ruwa ya sauka.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke kai 44 ko 45, ka tsaya a cunkoson gadar Kennedy da ƙarfe 1 na rana, inji mai ƙarfin doki 300 da wani abu yana dafa kansa ba iskar da ke shigar masa. Robobi da bututun ruwan da suka shekara 10 a sanyin Turai nan suke bushewa su tsattsage. S4 ɗin da kake magana, injinta lita 3 ne, V6, doki 333, kuma ba turbo gare ta ba, kwamfuresa ce mai cusa wa inji iska, da bel ke juyawa. Injin kansa mai ƙwari ne, masu ita suna yabonsa. Abin da aka san ta da shi shi ne famfon ruwa da tamostat, sai kuma ƙwaƙwalwar akwatin giya mai canja kansa, wanda Audi ke kira S tronic, mai giya 7, musamman a na shekarun farko irin 2011. Wannan akwatin yana son a canja masa mai duk kilomita 60,000, kuma ba ya son tafiyar tsaya-matsa, wadda ita ce tafiyar Yamai da safe. In ka samu mai giyar hannu ka rage wa kanka rabin fargaba, sai dai ba su da yawa.

Ni famfon ruwa ne ya zaunar da ni. Kayan ba wani babba ba ne, za ka riƙe shi a hannu ɗaya. Na zagaye Katako, na sa an tambaya mini a Kano, wanda aka samu na hannu ne wanda ba a san ranar mutuwarsa ba. Dole na aika Faransa, na jira wani ɗan'uwa mai dawowa ya sako shi cikin jakarsa. Sati 5 motar tana gareji ƙarƙashin dogon yaro, ƙura ta rufe ta har yaran gareji suna rubuta sunayensu a gilashi, ni kuwa ina bin faba-faba da makullinta a aljihu. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina, jira ya ƙaru, kuɗi ma haka. Da Corolla ce, kafin la'asar an gama.

Makanikai kuma, ba raina su nake ba, muna da masu hannu. Amma wanda ya ƙware a Toyota in ya buɗe irin wannan sai ya fara lalube, kuma da kuɗinka zai koyi aikin. Kafin ka biya ko dala, nemo mai na'urar kwamfuta da ta san motocin Audi da Volkswagen, ka tambaye shi S tronic nawa ya taɓa buɗewa. Amsarsa ta fi duk abin da muke rubuta maka nan.

Kada ka ce na ɓata ta gaba ɗaya. Ranar da na kama hanyar Tawa da iyali, kilomita wajen 550, ranar na san abin da na saya. Bayanta ya ɗauki buhun shinkafa, akwatuna 3 da kulolin uwargida, irin lodin da iyayenmu ke yi wa Fijo 504 doguwa. In ka fito wuce babbar mota tsakanin Doso da Dogon Dutsi, kafin ka ƙifta ido ka koma hannunka, wannan kuwa tsaro ne ba wasa ba. Amma ko a nan, jaki da amalanke da raƙumi ba su san doki 333 ba, ga ramuka. Kuma ka cika tanki a gidan mai kafin ka tashi. Sau ɗaya na sha na ƴan ruwa-ruwa wajen Ƙonni, tun kafin Badagishiri inji ya fara tari, fitila ta kama. Buɗe murfin tankin ka karanta lambar man da take so, ba ta da haƙurin da Corolla ke da shi.

To ga nawa ganin. In ita kaɗai za ta zama motarka, kuma sai ka saida Corolla kafin ka iya sayenta, kada ka yi. Araharta a wurin dillali ba banza ba, masu kuɗin sun san abin da ya sa suka bar ta. In doguwar mota kake so saboda kaya da yara, nemi Toyota Avensis doguwa, ita na koma a 2024, har yau ban kwana a gareji ba. In kuwa zuciya ta riga ta tafi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: riƙe Corolla don ranakun aiki da damina, ka ware aƙalla miliyan 1 da ba za ka taɓa ba sai don ita, ka tambayi kuɗin binyet (harajin mota na shekara) da asirans (inshora) tun yanzu domin da ƙarfin inji ake lissafa su.

Ranar dubawa kada ka yarda da gwajin safe. Je da tsakar rana, ka kunna kilim, ka shiga cunkoson Wadata da ita minti 30 kana kallon allurar zafi, kana sauraron ko tana fizga daga giya ta 2 zuwa ta 1 in za ka tsaya. A ɗaga ta sama ka ga cikinta da idonka, ka duba tayoyi 4 ɗin iri ɗaya ne, domin quattro, tsarin Audi mai jan mota da duka tayoyi 4, ba ta son taya bambam-bambam. A bar duba takardun duwan a hannun wanda ya san su. In ka sa rana ka gaya mini, Asabar ba na aiki, sai in zo da tocilana mu leƙa ƙarƙashinta tare.