Filin Kalmomi: Wai da gaske akwai sanholon da ake hango abu ta cikinsa?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya yace: "Malam naga ana ta yaɗawa wai Amurkawa sun ƙera sanholo mai kama da gilashi, kuma wai a fim suka samo dabarar. Gaskiya ne ko ƙanzon kurege, kuma me za mu kira shi da Hausa?"

To ɗan'uwa, abin dai akwai shi, amma sunan ne ya yaudari mutane. Sanholo, wasu su ce goran ruwa, wasu alminiyam, ƙarfe ne, shi kuwa ƙarfe in haske ya doke shi dawowa yake yi saboda ƙwayoyin ilektiron ɗin cikinsa sake suke suna yawo, shi yasa yake ƙyalli amma ba ka ganin abin da ke bayansa. Shi wancan da ake magana sunansa ALON, haɗi ne na sanholo da oksijin da naitirojin, gari ake yi da shi a danne shi a gasa da zafi mai tsananin gaske har ƴan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin su toshe, sannan a goge shi a yi ta gogewa har ya fito fes. Abin da aka gasa daga gari kuwa ai dangin tangaran ne ba dangin ƙarfe ba. Nan karin maganar nan ta zauna daram, kama da wane ba ta wane, ma'ana kamanni ko haɗa jini ba ya mai da abu ya zama ɗayan, akwai sanholo a jikinsa amma ba za ka lanƙwasa shi ko ka buga shi ya miƙe ba, in ya ji wuya tsagewa zai yi, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 2150 a ma'aunin Celsius kafin ya narke alhali shi sanholo a 660 ya riga ya zama ruwa.

Abin da ya burge ni shine Hausa ta riga ta tanadi kalmar ba tare da an sha wahala ba. Tangaran suna ne na kayan da aka gasa, sannan kuma muna cewa ana ganin abu tangaran, wato a fili ba hazo ba duhu. Ni dai da za a bi tawa "tangaran garai-garai" za a ce. Kar a ce shara-shara don Allah, wannan na yadi ne mara kauri da ake hango jiki ta cikinsa, garai-garai kuwa na abu ne mai tsabta da ido ke ratsawa. Shi kuwa wannan ina ruwansa da rashin ƙwari, kamfanin Surmet da ke ƙera shi a jihar Massachusetts sun nuna mai kaurin inci 1.6 ya tare harsashin babbar bindiga wanda ya huda gilashin sulke mai inci 3.7, shi yasa sojoji ke son shi a tagogin motocin yaƙi da murfin na'urorin hangen zafi. Yana da ɗan'uwa da muka fi sani, yakutu, shi ma sanholo ne da oksijin kuma na ƙirar masana'anta ake sawa a fuskar agogo masu tsada don kar su karce.

Maganar fim kuwa sai a yi hattara. Fim ɗin Star Trek na huɗu ne na 1986, inda injiniyan jirgin sararin samaniya, Scotty, ya dawo baya zuwa zamaninmu ya ba wani mai masana'anta a San Francisco sirrin haɗa "sanholo garai-garai", shi kuma ya ba su faffaɗan allunan roba da za su yi wa wasu gagga-gaggan dabbobin teku guda biyu tanki. Amma fa James McCauley, masanin da ke aiki da sojan Amurka a lokacin, tun shekarun 1970 yake kan ALON kuma an ba da takardar mallakar fasahar a 1980, kenan abin ya riga fim ɗin, suna kawai fim ya ara masa kuma sunan ya bi shi har yau.

Wata ƴar'uwa ma ta tambaya ko irin waɗannan finafinai tatsuniya za a kira su. A'a ƴar'uwa, tatsuniya tana da ƙa'idarta da taurarinta kuma kowa ya san ba a nufin za ta faru. Almara ta fi kusa tunda ƙirƙira ce mai ban al'ajabi, sai a ce almarar kimiyya ko ƙagaggen labarin kimiyya, na biyun ya fi tsawo amma shi ɗalibai suka fi saurin ganewa.