Rage Malamai: Daɗewa a Aiki ko Takardar Shaida?

Tambaya: Malam, shekarata 14 ina koyarwa, sai aka sallame ni da sunan rage ma'aikata, aka bar wani da bai cika shekara 3 ba, wai domin yana da takardar shaidar koyar da lissafi. Shin an yi mini adalci?

Amsa: Malama, Allah Ya musanya miki da mafi alheri. A wurare da dama wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, amma galibi ana auna daɗewa ne tsakanin malaman da suke da shaidar fanni ɗaya, don haka mai takardar lissafi yana iya tsira idan darasinki ne aka rage. A ganina, watsar da gogewar shekara 14 asara ce ga ɗalibai. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta wajabta ingantaccen dalili, da sanarwa, da damar ɗaukaka ƙara, a ƙasashen da suka amince da ita. Ki nemi dalilin sallamar a rubuce, ki kai wa ƙungiyar malamai tare da takardar ɗaukarki aiki tun wa'adin ƙorafi bai wuce ba.